Fulawar Yaya da Lallen Inna

A gidanmu na Badariya akwai wani icen lalle da ya girme mu duka. Inna ce ta zo da reshensa daga Gulma, ta dasa shi a bakin wurin wanke-wanke. Ba a yin aure a unguwarmu sai an shigo neman lallen Inna. Mata su zo da ɗan goronsu, su tsinki ganye, su zauna su ba ta labarin kayan ɗaki da wadda ta yi rowa, ranar kamun amarya kuma a aiko a riƙo hannun Inna a tafi da ita. Da ƙafafunta suka fara ciwo ta daina zuwa ko'ina sai irin wannan fita.

Lokacin garinmu na ƙarƙashin jihar Sakkwato, Yayanmu, babban wana, ya samu ƙarin girma a ofis, aka fara tura shi taro babban birni. Can ya ga gidajen manyan ma'aikata, kowane da wata fulawa mai jan fure ta lulluɓe katanga. Daga nan kan mutumin ya juye. Gidan da aka yanke masa cibiya ya koma ƙauye a idonsa. Ya bi ya samo reshen abar a wani masaukin baƙi a Argungu, ya taho da shi cikin gwangwanin madara yana tallabe da shi kamar jinjiri.

Duk faɗin gidan nan bai ga wurin da ya yi masa ba sai gindin lallen, don nan ne mai shigowa yake fara gani. Ya tsaya tsakar gida ya ɗaga murya ya ce, "Wanga icce ya tsuhwa. In babu mai magana, gobe a sare shi."

Ya san sarai babu mai magana. Shi ne ɗan fari. Tun da Inna ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, balle ta ja da shi a gaban mutane. Kunyar da take yi masa ita ya mayar izini. Ni na yi magana, ya ce malamin firamare me ya sani game da ci gaba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Bayan an kwashe rassan Inna ta kira ni, ga shi tsaye kusa da mu, ta ce, "Tambayi wancan, abin da za shi dasawa, ana cin shi?"

Ya ce, "Ba a ci, Inna."

"Magani na?"

"Ado na. Kallonai aka yi."

Ta ce, "To, Allah shi ba da sa'a," ta juya ta shiga ɗaki.

Daga nan gidan ya zama na fulawa. Aka kewaye ta da waya saboda awaki. Aka ɗebo mata ƙasa daga fadamar Zauro. Cikin bazara, ana rabon ruwan randa da moɗa, ita sai ta sha bokitinta safe da yamma kafin kowa ya yi wanka. Mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba ya zama masani, yana karanta mana sunanta na Turanci, harshensa na harɗewa. Ga ƙaya, ta yage wa yara riguna. Da ta tashi fure, gab da faɗuwar damina, na kai hanci na shinshina. Ko kusa babu ƙamshi, sai ka ce takardar alawa aka liƙa. Lallen da aka sare kuwa, in ya yi fure har zaure ake jin sa.

Mata suka fara raguwa. Ba wai sun ƙi Inna ba, dalilin shigowar ne babu. Lalle ga shi a kasuwa, dakakke ma.

A makon da fulawar ta cika ta batse aka yi auren 'yar maƙwabcinmu. Ranar kamu Inna ta yi wanka tun da hantsi, ta ɗaura zanenta na saƙi, ta sa kwalli, ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki. Muna jin guɗa ta bayan katanga. La'asar ta yi, babu wanda ya leƙo. Cikin hidima an manta, tunda babu wadda ta shigo tsinkar ganye balle ta ce a tuna da tsohuwa.

Sai ga Yaya ya shigo da mai hoto, wai a ɗauki furen kafin ya zube. Ya ga Inna cikin kwalliya, fuskarsa ta washe. Ya ce, "Madalla! Inna, tunda kin shirya, taho ki tsaya nan gehe, hoton ya hi kyau."

Ta dafa bango ta miƙe, ta ja ƙafa ta je ta tsaya inda ya nuna mata.