Kubar Jaji

A wani ƙauye tsakanin Bici da Shanono, shekaru kaɗan kafin yaƙin Basasa na rikicin sarautar Birni, an yi wani mutum ana ce da shi Jaji. Kakanninsa Barebari ne, fataken kanwa, suka zo suka ga ƙasa mai albarka suka zauna. Zuwa zamaninsa ba abin da ya rage na Barno a gidan sai sunaye, da tsagen fuskar tsofaffi. Gida ne babba na gandu, ɗakuna birjik, kowane magidanci da sashensa, ga gonaki sun kewaye shi har gindin katanga.

Jaji bai yi noma da ƙuruciyarsa ba. Tun gemu bai fito masa ba ya bi wani kawunsa Birni, aka sa shi a rumfar masu bugu, inda ake jibgar rinannen tufafi da itace har ya yi sheƙi. A nan ya ƙarar da ƙarfinsa. Ya yi aure, matar ta rasu ba su haihu ba. Daga baya kafaɗarsa ta dama ta sage, ya zama in ya ɗaga itacen bugu sai hawaye su zubo masa. Mai rumfar ya yi haƙuri da shi iyakar ransa, da ya rasu 'ya'yansa suka sallami Jaji da kyakkyawar magana, ba su haɗa masa da komai ba.

Ya dawo gida da kaka, a kan jakin aro, da wani ƙaton ƙunshi naɗe cikin fata, sanye da kore, baƙar riga mai sheƙi wadda ba a taɓa ganin irinta a ƙauyen ba. Mutane suka dubi rigar, suka dubi ƙunshin, suka ce Jaji ya yi arziki. Shi bai ce ya yi ba, amma da aka faɗa bai musa ba. Abin da ke cikin ƙunshin nan kuwa tsohon bargo ne, da tabarma, da itacen bugunsa, sai wata kuba ta ƙarfe ta kulle ƙofa, aikin maƙeran Birni, wadda ya ciro daga ƙofar ɗakin da ya bari.

Kallamu, ɗan wan ubansa, shi ne maigida a lokacin. Ya ba shi wani ɗakin soro kusa da zaure. Ɗakin, kamar kowane ɗaki a gidan, tufaniya ce ta kara a bakinsa, wadda ake jawowa saboda awaki da kaji kawai. Matan gida kan shiga ko'ina su yi shara ba sai an kira su ba. Abin da Jaji ya fi tsoro ke nan. Bai kwana biyu ba ya ce wa Kallamu shi ƙyaure yake so, na itace, da za a sa wa kuba. Kallamu ya ɗan dube shi, sannan ya ce ya je ya ga Usaini.

Duk gidan, in katanga ta tsage, ko soro ya yi yoyo, ko jinka ta ruɓe, Usaini ake nema. Ba jinin gidan ba ne. Ubansa ya zo neman aikin gona ya mutu a nan, aka riƙe yaron har aka yi masa aure. Mutum ne mai faɗin ƙirji da sanyin jiki. Bai taɓa ce wa kowa a'a ba, bai kuma taɓa zuwa ranar da ya ce zai zo ba.

Ya ce wa Jaji in an gama ɗaurin gero za a yi. Aka gama, ya ce a bari a shigar da dawa. Aka shigar, ya ce itacen da ya sara bai bushe ba. Jaji ya yi ta sintiri, ya same shi a masussuka, ya same shi a bakin rijiya, ya tare shi bayan sallar Azahar. Kullum sai Usaini ya sosa ƙeya ya ce, "Ai ina sane, Malam Jaji." Duk tsawon lokacin nan Jaji ba ya nisa da ɗakinsa, in ya ga mace ta nufo da tsintsiya sai ya yi maza ya karɓa ya ce zai share da kansa.

Sai tsakiyar rani aka sa ƙyauren, kuma ya zauna a karkace. Harshen kubar ba ya shiga ramin da aka huda masa a jikin azara sai Jaji ya sa gwiwa ya ɗaga ƙyauren, ga shi kafaɗa ba lafiya. Ya koma wa Usaini da ƙorafi. Bayan an sha jeka-ka-dawo, Usaini ya zo da gizago ya ɗan fere gefe, ya ce shi ke nan, ya tafi. Washegari abin ya fi da muni. Jaji ya ce masa a Birni ko koyon sassaƙa mutum yake yi ba zai yi wannan aikin ba. Usaini ya ce haka ne, su a nan ba su saba da ɗakin da ake kullewa ba.

Wannan ita ce maganar da ke bakin kowa, ba a dai faɗa a gabansa. Tun da aka kafa gidan ba a taɓa rasa ko allura ba, yau ga ɗan gida ya dawo yana yawo da mabuɗi a wuya. Wadda abin ya fi yi wa ciwo ita ce Inna Fanna, ƙanwar ubansa, wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsa. Da ya dawo goro kaɗai ya kai mata. In ya je gaishe ta sai ta amsa tana kallon mazarinta. Jaji ya san ana ce masa marowaci. Ya auna a ransa, ya ga ya fi iya ɗaukar wannan sunan da a ce ya yi shekaru a Birni ya dawo hannu wofi.

Ruwan shuka ya sauka wata rana da asuba, mai yawa, har da iska da ta riƙa watsa shi jikin ƙyauren. Gari na wayewa gidan ya rikice da murna, maza na neman sungumi, mata na auna iri a ƙwarya. Jaji ya saba kulle kansa ta ciki in zai kwanta. Da ya tashi fita ya sa mabuɗi, ya sa gwiwa, ƙyaure ya ƙi motsi, ya sha ruwa ya kumbura. Ya murɗa da ƙarfi, sai ya ji ƙas. Rabin mabuɗin yana hannunsa, rabi yana ciki.

Da ya yi kira a lokacin da an ji shi, don suna ta wucewa ta ƙofarsa. Har ya buɗe baki, sai ya tuna in aka zo ɓalle ƙyauren za a yi, kowa na tsaye yana ganin cikin ɗakin. Ya fasa. Ya ji Kallamu na tambaya ina Jaji, ya ji wani ya ce ɗan Birni ba ya son taka taɓo, aka yi dariya aka fita. Ya yi ta ƙoƙari da tsinke, da bakin wuƙa, ya doki ƙyauren da itacen bugu har kafaɗar ta ɗauki zafi. Rana ta ɗaga, ɗakin ya yi gumi, ga fitsari ya matse shi. Ya zauna a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa.

Inna Fanna ce ta ji motsinsa, don ita tsufa ya hana ta zuwa gona. Ta dogara sanda ta je ta sa aka kira Usaini. Ranar shuka ba a barin gona don ƙaramin abu, saboda haka da aka ga Usaini ya ajiye sungumi ya nufi gida, sai aka zaci wani mugun abu ne, rabin gandu suka biyo shi.

Jaji na jin muryoyi da yawa sai tsoro ya koma masa fushi. Ya ɗaga murya ta bayan ƙyaure ya zazzage wa Usaini duk abin da ya tara tun kaka. Ya ce masa malalaci, ya ce ba abin da ya iya sai cin tuwon gidan mutane, ya ce ba a ma san asalinsa ba. Wannan ta ƙarshe ta fita ne kafin ya riƙe ta. Usaini dai ya ce, "Matsa baya, Malam Jaji." Ya sa bakin gatari ta ƙasa ya banƙara, ƙyauren ya fito gaba ɗaya da kubar da guntun azara.

Haske ya shiga ɗakin. Tabarma ce a shimfiɗe, da bargo, da tulu, da fatar nan a yashe ba komai a ciki, sai koren nan rataye ita kaɗai a jikin bango. Jaji na tsaye a tsakiya da wani yagaggen wando. Usaini ya ja ƙyauren ya jingina shi a bakin ƙofar, ya tsaya a gabansa da faɗin jikinsa, ya ce wa jama'a ƙasa na shanye ruwa, a koma gona. Suka juya, amma duk wanda zai gani ya riga ya gani.

Inna Fanna ce kaɗai ba ta tafi ba. Ta raɓa ta shiga, ta dubi kusurwa-kusurwa, sannan ta zauna a bakin tabarma.

"Ashe babu ce," ta ce. "Ni kuwa nake ta kuka na goyi marowaci."

Jaji ya durƙusa, ya kasa ɗaga kai. Ya so ya ce wani abu, sai dai "Inna" kawai ya iya faɗa.

Ya je gona da yamma, ya bi bayan masu sara yana zuba iri yana takewa, bai dubi fuskar kowa ba. Damina ta yi nisa kafin ya koma zaman zaure. Ba wanda ya taɓa tayar masa da maganar, kuma wannan shirun ya fi masa nauyi a kan a ce an yi masa dariya an gama. Wata rana ya dawo ya tarar da taguwa saƙar gida a kan tabarmarsa, wata rana gwado. Bai san wa zai gode wa ba, sai ya riƙa sunkuyar da kai ga kowa. Kallamu sau ɗaya ya taɓa cewa da ya faɗa tun farko da an huta, ya bar zancen a nan.

Zuwa wurin Usaini ne ya fi yi masa wuya. Ya yi ta ɗagawa, sai da gero ya fara fitar da kai ya same shi yana gyaran indararo, ya tsaya a gindin tsani ya nemi gafara kan maganar asali. Usaini bai sauko ba. Ya ce ya ji, Allah ya yafe mana. Amma daga nan gaisuwa ce kawai tsakaninsu, ba su sake yin wasa ba, kuma in soron Jaji ya yi yoyo sai ya tara tulu ya yi shiru, don ba shi da fuskar zuwa ya yi ƙorafi.

Ya yi kusan duk sauran rayuwarsa a gidan. Kafaɗar ta hana shi huɗa, aka bar masa korar tsuntsaye da tsaron masussuka. Da marina na wani ƙauye da ke kusa suka ji ya san bugu, sai suka riƙa zuwa su ɗauke shi ya zauna yana nuna wa masu ƙarfi yadda ake naɗe tufa da inda ake sauke itace. Da abin da ya samu a nan ya kai wa Inna Fanna baƙin zane kafin ta rasu. Daga baya aka haɗa shi da wata bazawara, Asama'u, mace mai yawan magana da dariya, suka zauna lafiya. Lokacin da Basasa ta tashi mutanen gidan suka gudu wajen Shanono na wani lokaci, ciwon ciki ya kama shi a can, ya rasu kafin a dawo.