Bakan Surukina

Shekarar da surukina ya tare a gidanmu na haya a Samaru, madafina ya daina zama nawa. Gadi yake yi a layin masu sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari, tun maigidana bai yi wayo ba. Da aka sayar da gidan da yake zaune a can, sai ya naɗo tabarmarsa, ya rataya kwarin kibau, ya zo mana. Na share masa wuri. Uban miji ne, wa ya isa?

Ba a jima ba bakansa ya tsage. Dama masu shaguna sun fara ƙunƙuni wai Baba ya tsufa, gara su ɗauko samarin kamfanin tsaro masu kaki. Shugaban masu shagunan, wani Ibo da suka daɗe tare da Baba, ya ce masa in dai ya zo da baka ya ja a gabansu suka gani, shi zai tsaya masa. Kafin nan ya ci gaba da gadin da sanda. Maigidana ya ce a sayo a kasuwa mana. Baba ya yi tsaki ya ce, "Na kasuwa ai na 'yan rawa ne."

Ya shiga daji ya dawo da reshen dargaza miƙaƙƙe, ba ƙulli ko ɗaya, ya ɓare shi ya rataye a saman murhuna. Sai saƙo ya iso ta bakin ɗansa: in ajiye gas, in koma girki da itace, don hayaƙi ne ke busar da baka. Damina guda na yi ina hura jiƙaƙƙen itace, idona kamar gauta, ga tukunyar gas tana kallona a lungu. Na tsani sandar nan, kuma ba zan ɓoye ba, na fara tsanar mai ita.

Abin da ya fi ci mini rai, ba dama in faɗa masa. Tsakanina da shi gaisuwa ce a durƙushe, kai a ƙasa. Shi ma ba ya kallon fuskata. Saboda haka muka koma gugar zana. Shi ya gaya wa gizagonsa, ni in gaya wa tukunyata.

"Matan yanzu," in ji shi ga gizago, "ko wuta ba su iya hurawa ba."

"Ke tukunya," in ji ni, "yi haƙuri, gidan ya zama maƙera."

Da itacen ya bushe, sai ya rasa wurin aiki duk faɗin gidan sai ɗan lungun da ke tsakanin ɗaki da madafi. Nan yake zama ya gitta sandar. Ya sassaƙe ta da gizago, ya bar tsakiya da kauri, ya sirantar da bakunan biyu. Ya koma kankara da wuƙa, daga nan da fasasshiyar kwalba, garin itace na tashi yana sauka a miyata. Ya kan gasa ta a garwashi, ya shafe ta da man shanu, nawa na tuwo, ya dafa gwiwa ya ɗan tanƙwara, ya runtse ido ɗaya ya duba, ya sake kankara. Tsirkiya kuwa fatar saniya ya jiƙa ya yanka siri-siri, ya murɗe, ya ɗaure daga bishiyar gwaiba zuwa ƙarfen tagarmu. Warin kaɗai ya hana ɗaliban da ke haya a maƙwabta zama a waje.

Ga kuma doka: mace ba ta tsallake baka. In ta tsallake, ya mutu, zai ƙi mai shi. Sai in fito da tukunya tana ƙona mini hannu, in tsaya ƙiƙam ina jiran ya ga dama ya ɗage sandarsa. Yana ganina, amma sai ya gama kankarar da ya fara. Allah shi ne shaida, ko sau ɗaya ƙafata ba ta haye itacen nan ba. Ba don na yarda da maganar ba, sai don kada a samu abin faɗa.

Ranar da ya gama, bakan ya yi baƙi yana sheƙi. Ko ni da nake jin haushinsa na san ya yi kyau. Bayan azahar ina wanke-wanke, ya kafa ƙasan bakan a ƙasa, ya sa gwiwa, ya janyo saman don ya maƙala tsirkiya. Bai kai ba. Ya huta ya sake. Zufa ta keto masa, tsirkiyar ta tsaya nesa da gurbinta. Ya jingine shi a bango.

Da maigidana ya dawo, Baba ya ce masa, yadda zan ji, "Kai, yarinyar nan ta tsallake mini baka."

Wuta ta kama ni. Na ja maigidana ɗaki na rantse masa har da kuka. Ya ce, "Ki yi haƙuri, tsoho ne." Haƙuri kuma? Kafin kwana biyu maganar ta zaga gidan haya. Matar ɗakin gaba, da muke cin abinci kwano ɗaya, ta tambaye ni a bakin famfo wai me ya kai ni. Na daina yi wa tukunya magana. Tuwonsa ma a bakin tabarma nake dire shi in juya.

Wata la'asar maigidana ya shigo da kekensa na haya zai wanke, bakan ya tare masa hanya. Ya ɗauka zai gusar. Shi dai bai taɓa riƙe kibiya ba a rayuwarsa, kuma tunani ba ya cikin abubuwan da suka dame shi. Ya juya shi yana yabawa, ya kafa a ƙasa, ya sa gwiwa. Tsirkiya ta faɗa gurbinta tas. Ya ja ta har kunne, ya saki a hankali, yana dariya.

"Baba, ai lafiyarsa lau!"

Baba yana kan tabarma. Ya dubi bakan, ya dubi hannun ɗansa, sannan ya daɗe yana duban nasa. Ba wanda ya tsallake komai. Baba ya sassaƙa bakan ne daidai ƙarfin da ya san yana da shi, ƙarfin kuwa ya riga ya tafi.

Na jira wannan rana, na shirya har abin da zan gaya wa matar ɗakin gaba. Amma da ta zo, sai na ji kamar in kwaɗa wa maigidana ludayin da ke hannuna. Da na san haka gaskiyata za ta fito, da na bar laifin a kaina.

Baba ya jawo butarsa. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Ya ce wa ɗansa, "Gobe in ka kai fasinja Sabon Gari, ka biya layin. Ka ce musu su nemi wani."