Saƙon da Habibu bai buɗe ba

Lahadi, 8 ga Agusta, 2021. Pantai Dalam.

Da safiyar nan labarin ya iso ni. Habibu ya rasu a asibiti, bayan kwana goma sha ɗaya ba a bar kowa ya gan shi ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Waɗanda suka san ni sun san ba na irin wannan rubutu. Shekara goma sha bakwai ke nan ina koyarwa a garin nan na ƙasar waje, kuma na daɗe da yanke hukunci a kan mutanenmu. Na ɗauko su daga filin jirgi, na nema musu gida, na zauna na gyara musu thesis layi bayan layi. Suna komawa gida aka fara ce musu Farfesa, sai lambata ta ɓace daga wayoyinsu. Wasunsu suna karanta wannan yanzu. Ban manta ba.

Shi ya sa na rufe ƙofata. In ɗalibi ya yi mini sallama a masallaci, in amsa, in ɗauki takalmina.

Habibu digiri na uku ya zo yi. Ya kama gida a hawan da ke saman nawa, shi da matarsa da 'yarsu. Wata rana bayan la'asar ya ƙwanƙwasa mini. Tun kafin ya buɗe baki na ce, "Na daina duba aikin kowa."

Ya yi dariya. "Baba, ba takarda na kawo ba. Jika na kawo maka."

Tana maƙale a bayan ƙafarsa, shekararta uku, da wani takalmi mai kawo wuta in ta taka. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Ummi suke ce mata.

A tsaye ya yi mini bayani, don ban ce ya shigo ba. Kakanninta maza duk sun rasu. A goye aka kawo ta ƙasar nan. Tana jin Hausa, amma ba ta mayarwa.

"In na ce zo, sai ta ce coming. Hajiyata tana Kano tana jiran takwararta. Ranar da muka koma za ta tsokane ta, yarinyar nan kuwa za ta tsaya tana kallonta kamar baƙuwa. Ni ubanta ne, ba wasa tsakaninmu irin wannan. Kai nake so ka riƙa tsokanarta har ta iya ramawa."

Na ce ba ni da lokaci.

Washegari ya sake kawo ta.

Don in sallame su na ce mata, "Ke ce mai cinye wa mutane tuwo? An ba ni labarinki." Ta dube ni, ta fashe da kuka tana rantsuwa da Turanci ba ita ba ce. Habibu ya juya ya fuskanci bango yana ƙunshe dariya.

Gaskiyarta ma. Ba ta cin tuwo ko kaɗan. Roti, wata irin gurasa ta shagon abincin da ke ƙasan bene wanda ake kira mamak, shi ne abincinta safe da yamma. In an sa mata tuwo sai ta taɓa da ɗan yatsa ta ce, "Don't want lah."

Habibu ne ya kawo dabara. Ya riƙa sauko da kwanonta wurina, ni kuma in wanke hannu in ce tunda mai shi ba ta so, nawa ne. Sai ta fizge ta koma bayan kujera ta cinye, don kawai kada in samu.

Da ƙwace Ummi ta koyi shan miyar kuka.

Da aka kulle gari saboda annoba, kullum bayan azahar sai in ji motsi. Kular abinci ce a rataye a ƙarfen ƙofata, uba da 'ya kuma sun ja baya, kowa da takunkumi.

"Ummi, gai da Kaka."

"Ina wuni."

"Ba ki durƙusa ba."

Sai ta durƙusa rabi. In ce mata yau ma an rage mini nama, na san ɓarauniyar. Ta murguɗa baki a ƙarƙashin takunkumin, ta amsa mini da Turanci. Habibu ya girgiza kai ya ce, "Saura ƙiris, Baba."

Ni kuwa duk wannan lokaci jira nake. Na ce a raina wata rana zai fito da abin da yake so, tunda haka sauran suka yi. Da na gaji da jira na ce ya kawo babin thesis ɗinsa in gani.

"Supervisor yana dubawa, Baba. Kai aikinka Ummi."

Shekara biyu. Ko biro bai taɓa ara a wurina ba.

Ganinmu na ƙarshe ranar Babbar Sallah ne. Hajiyarsa ta ɗinko wa Ummi riga tun bara, amma babu mai zuwa daga gida, sai bana ta iso ta hanyar masu kawo kaya. Kafin ta zo yarinya ta yi tsawo, rigar ta tsaya mata sama da gwiwa. Maman Ummi ta ce a ajiye. Habibu ya ce ɗinkin Hajiya ba ya zama a akwati, ya sa mata wandon makaranta a ƙasa, ya ɗaura mata ɗankwali da hannunsa, a karkace.

Na ce, "Wannan rigar wace jaririya kika aro?"

Ta dubi babanta. Na ga amsar ta zo mata har baki, sannan ta koma. Ta ruga.

Habibu yana can nesa, kusa da matakala. Ya ce yana jin jikinsa wani iri, ba zai matso ba. "Ka gani ko, Baba? Ta kusa. Ranar da ta rama maka, na gama karatuna a ƙasar nan."

Kwana takwas bayan nan motar asibiti ta tafi da shi. Aka killace uwa da 'ya a gida.

Sai kula ta juya hanya. Ni da rabona da tuƙa tuwo tun ina ɗalibi, na sayo garin shinkafa, na tuƙa yadda na iya, na hau na rataye musu.

Kwana na uku na je karɓar kula, na tsaya daga nesa. Ummi ta leƙo ta tsakanin ƙarfen ƙofa. Na ce, "To sarkin ci, kin sake cinye mini?"

Ta ce, "Kaka, tuwonka duk gudaji. Kai tsoho ne, ba ka iya komai ba."

Da Hausa. Babu kalmar Turanci ko ɗaya.

Na ji uwarta daga ciki tana cewa, "Ke Ummi, haka ake yi wa babba magana?" Na ce a ƙyale ta, haka ake yi wa kaka.

A kan matakala na zauna, na ɗauko waya na yi wa Habibu saƙon murya. Na faɗa masa ta rama, na maimaita masa abin da ta ce. Sannan na ƙara abin da shekara biyu girman kai ya hana ni faɗa. Na ce na gode da jikar da ya ba ni.

Ban sani ba, da safiyar ranar aka sa masa na'urar numfashi.

An ce ma'aikatan asibiti ne za su yi masa sutura. Mu ba za a bari mu ɗauke shi ba. Ummi ba a gaya mata ba tukuna. Ɗazu ta leƙo ta tambaye ni ko yau ma da gudaji.

Ya Allah, ga Habibu nan ya zo maKa baƙo daga ƙasar da ba tasa ba. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka ciyar da shi kamar yadda ya ciyar da wani tsoho mai baƙin rai da bai taɓa ce masa sannu ba. Ka ba Maman Ummi da Hajiyarsa haƙuri. Ka raya Ummi, Ka kai ta gaban kakarta lafiya.

Duk wanda ya karanta, ina roƙo ya yi masa addu'a da sunansa. Har ku da kuka share lambata, yau ban hana ku ba. Ku sa shi a sujada.

Saƙon yana nan a wayata, minti ɗaya da rabi. Habibu bai buɗe ba.