Guntun Bidiyon da Na Sa Aka Yanke

Shekarun baya, a wata kaka da wake ya yi albarka, na yi wani kuskure da har yau nake jin nauyinsa, ko da yake waɗanda na cuta sun daɗe da yafe mini.

Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Dawakin Tofa, ina kuma sayar da irin wake ranar kasuwa. Karatuna bai wuce allo da ajin yaƙi da jahilci ba, amma a kan wake ba na tsoron kowa. Na san yadda ake ajiye shi shekara guda ba a zuba masa magani ba. A cika jarka taf, a girgiza, a ƙara, a sa leda a baki, a ɗaure murfi tam. Iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu a ciki.

'Yata ta biyu ta yi karatun kasuwanci, tana aure a Rijiyar Zaki. Ta zo ganin gida, ta tarar da ni ina wa wasu mutane wannan bayani, sai ta ce, "Baba, iliminka a bakin rumfa yake ƙarewa. Bari in ɗauke ka a bidiyo."

Na ce, "Da wannan furfurar? Rawa zan yi musu?"

"Surutu za ka yi, abin da ka fi iyawa."

Bayan la'asar muka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Abokina, wanda muka yi allo tare tun muna yara, yana zaune a gefe yana ɓarar gyaɗa. Na gyara hula na shiga bayani, na yi kusan minti ashirin. Na zo daidai wurin cika jarka ke nan sai ya katse ni.

"Kai malam, ka yi tsalle! Ina bushewa?"

Ya miƙa hannu ya ɗauki ƙwayar wake ɗaya ya ciza, ta yi ƙas. Ya dubi wayar ya ce, "Kun ji wannan ƙarar? In bai yi ta ba, kada ya shiga jarka. A mayar da shi rana. Wanda ya rufe wake da danshi, ruɓa ya rufe."

Na ce, "Ai zan zo wurin." Ƙarya nake. Mantawa na yi, don abin ya zame mini jiki har ba na ganin sa a matsayin abin faɗa.

Washegari 'yata ta zaunar da ni ta nuna mini dabararta. Ta ce bidiyo ɗaya kamar buhun gyaɗa ne: ga mai, ga ƙuli-ƙuli, ga tunkuza. Dogon za a sa shi a shafin da ake kallon dogayen abubuwa. Za ta gutsuro na minti ɗaya don dandalin da samari ke ta ture hotuna da yatsa, da wani ɗan ƙarami na sitatus. Za ta cire muryar zalla a tura guruf ɗin manoma, a kuma sa a sifika a rumfata. Har hoto za ta ciro a buga a takarda da lambar wayata. Abin ya burge ni. Magana ɗaya na yi, ga ta ta haifi 'ya'ya biyar.

Amma da muka zo wurin da abokina ya gyara mini, sai abin ya ɓata mini rai. Na ga kaina da baki a buɗe, ana koya mini sana'ata a gaban duniya.

Na ce, "Cire wannan."

Ta ce, "Baba, ai shi ne mafi muhimmanci."

"Wane manomi ne bai san a busar da wake ba?"

"Ba manoma kaɗai za su kalla ba."

Na ɗaga murya na ce, "Ni na haife ki, ko ke kika haife ni?"

Ta yanke shi daga guntayen. A dogon ta bar shi, amma wa zai zauna minti ashirin yana kallon tsoho? Guntayen ne suka yi ta yawo.

Kuma sun yi yawo sosai. Waya ta dinga shigowa daga garuruwan da ban taɓa zuwa ba. Irina ya ƙare da wuri. A masallaci aka fara kirana ɗan fim, ina ta cewa a daina, alhali daɗi nake ji. Abokina ya kalli guntun a wayar ɗansa, ya ce, "To ni ina muryata?" Na ce, "Na'urar ba ta ɗaukar muryar marasa haƙori." Ya yi dariya, ya dube ni, ya bar maganar.

Bayan kamar wata biyu, da hantsi, adaidaita sahu ta tsaya a ƙofar gidana. Ƙanwata ce daga Bacirawa. Mijinta ya rasu, da ƙosai take riƙe da gidanta. Ita ba manomiya ba ce, tun tana yarinya ta bar ƙauye. Aka sauke mata jarka, ta buɗe a gabana. Warin ne ya fara dukana. Waken ya yi fumfuna, ya dunƙule ya yi baƙi.

Ta ce, "Yaya, ga aikinka. Akwai uku irinta a gida. Waken da zan yi sana'a da shi har damina ke nan."

Na ce, "Sabon wake kika saya? Kin shanya shi?"

"Ka ce a shanya? Sau uku na kalla don kada in yi kuskure."

Na tsaya ina kallon jarkar. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta gyara mayafi ta ce, "Ni dai na san gidan da zan kawo jarkata. Sauran da suka kalla fa, ina za su kai tasu?"

Wannan tambayar ce ta karya ni. Na shiga ɗakin ajiya na auno mata wake daga na cinmu, amma na san ba a nan abin ya tsaya ba. Na wuce wurin abokina na ce masa ni na sa aka cire shi, don girman kai. Ya ce, "Tun ranar na sani. Jira nake in ga yaushe hular za ta matse ka." Sannan ya ce, "Ni ma da laifina, da na yi shiru."

Na kira 'yata. Na ce, "Guntun nan da na sa kika yanke, kin goge shi?"

Ta ce, "Yana nan, Baba. Na san za ka neme shi."

Na ba ta haƙuri. Tsoho ya ba 'yarsa haƙuri ba abu ne mai sauƙi ba, amma bai kashe ni ba.

Ta goge tsofaffin guntayen inda hannunta zai kai. Waɗanda aka riga aka tura wa mutane kuwa babu mai iya dawo da su, sai dai a bi su da gyara. Muka ɗauki sabo, na rungumi jarkar ƙanwata na nuna ruɓaɓɓen waken, na ce ni na jawo, na faɗi dalili. Aka sake rarraba shi duk inda na farko ya bi. Kowane guntu, babba da ƙarami, har muryar sifika, da maganar abokina yake farawa. A takardar ma aka rubuta da manyan baƙaƙe: A ciza tukuna.

Wurin da nake gudun a gani, shi ya fi kowanne yawo. Har yau in na shiga kasuwa sai wani ya ɗaga murya, "Kai malam, ka yi tsalle!" Masu saye kuma sai sun ciji ƙwaya a gabana suna kallon idona.

Ban daina wannan aiki ba, kuma ina ba kowane mai sana'a shawara ya yi. A ɗauka sau ɗaya, a gutsuttsura, a kai wa kowa inda yake. Amma kafin guntu ya fita daga hannunmu, tambaya ɗaya nake yi: in mutum bai ga komai ba sai wannan, zai cutu? In zai cutu, ba ya fita, ko da shi ne wurin da na fi kyau.

Abokina ya rasu bara, Allah Ya jiƙansa. Duk ranar kasuwa muryarsa tana fitowa daga sifikar rumfata, yana katse ni a gaban jama'a daga safe har yamma. In aka zo wurin, miƙa hannu nake in ƙara ƙarar.