Ciyawar Kawu Manu da Ba Ta Maganin Komai

Duk wanda ya san Kawu Manu, ƙanin mahaifiyata, ya san kekensa ba ya fita Gwadangaji sai da buta biyu a rataye. Ɗaya ta alwala, ɗaya ta dutse. E, dutse na ce! Tela ne fa, amma sai ka kai ɗinkin Sallah ka tarar da shago a kulle, wai ya tafi duwatsun Dukku ba dutse ruwa.

Asalin abin, da rani ne ya hau duwatsun neman akuyarsa, la'asar ta riske shi a can. Ruwan alwalarsa ya zuba kan wasu busassun dunƙule-dunƙule da ke manne a tsagar dutse. Ya yi salla, ya kishingiɗa, kafin ya tashi sun fara buɗewa, sun yi kore shar. Ita ba ciyawa sosai ba, ba gansakuka ba, ba ta fure, ganyenta ƙanana a jere kamar ɓawon kifi. Akuyar dai ba a sake ganinta ba, amma Kawu ya dawo gida yana washe baki.

Da ya yi shiru, da shi ke nan. Ina! Sai da ya ba da labari a bakin shago. Kun san halinmu: abin da ya mutu ya tashi, ai ba a tambaya, magani ne. Nan Kawu ya gane ya yi wauta, domin duk ciyawar ba ta fi faɗin tabarma ba. In mutane suka san wurin, yini ɗaya ya isa a tuge ta a jiƙa a shanye.

Na farkon zuwa shi ne Alhaji Bawa mai albasa, tun daga Argungu, da buhun albasa a bayan mota.

"Malam Manu, gwiwar ga ta hana ni sakat. A taimaka da ɗan abin nan."

"Alhaji, ba ta maganin komi!"

Alhaji ya kashe ido ɗaya, ya rage murya. "Na gane. Buhu guda ya yi kaɗan ke nan."

Daga nan sai abin ya zama kasuwa. Masunta na so don kifi ya shiga taru, 'yan makaranta don jarrabawa, har wani ɗan takarar kansila ya aiko. Kawu yana rantsuwa, su kuwa suna cewa, "Ku dubi tsohon ga! Sa'anninsa na salla a zaune, shi yana hawan dutse. In ba ita ba, mi yake sha?"

Me kuke tsammani ya yi? Sanda ya saya! Ya rinƙa tura keke cikin unguwa yana ɗingishi yana nishi, sai ya wuce gidajen ƙarshe ya ɗaure sandar ya ɗare sirdi. Na ce, "Kawu, jiya fa ƙafar hagu ce ke ciwo."

"Kulu, ke likita ce? Ciwo ne mai yawo."

Da ya lura ana bin sawunsa, sai ya sake dabara. Ya sami wani dutse daban, ya rinƙa tsugunawa yana shayar da wasu ƙananan tsiro, yana waige-waige kamar ɓarawo. Ba a jima ba aka tsince su ƙaf. Ashe filasko ne, maganin wanke ciki! Wayyo, mutanen unguwarmu! A makon nan ba wanda ya tsaya gaisuwa mai tsawo. Kawu ya zaci an daddara, sai ga Alhaji Bawa ya dawo, ya rame, yana murna.

"Malam Manu, Allah shi saka! Rabona da gudu tun ina saurayi, amma shekaranjiya har yaro na tsere wa. Gwiwa ta warke!"

Kawu ya shige shago ya ja ƙofa.

Har wasu masu binciken tsirrai daga jami'a suka zo. Su kaɗai ya kai wurin, bayan ya sa sun rantse. Shugabarsu, wata mata mai fara'a, ta ce da alama irin wannan ba a taɓa rubuta shi ba, kuma za a iya sa masa sunansa.

"Sunana? A ce Maganin Manu? A'a, 'yata. Ki dai shiga rediyo ki ce ba ta maganin komi."

"Baba, ba zan iya faɗa ba sai an gwada."

Ya riƙe kai. "Ke ma?"

Da ciwo ya kwantar da shi, wannan karon na gaske, Inna mahaifiyata ta so a rage 'yan dubiya don ya huta. Ya hana. Ya ce a buɗe zaure, a fitar da shimfiɗarsa inda kowa zai gan shi. Na ce, "Kawu, don Allah, dubi yadda ka koma."

Ya yi murmushi da ƙyar. "To ai shi nake so su gani, Kulu. Hujjar da ta rage mini ke nan."

Na fita bayan ɗaki na yi kuka, ina kuma dariya, don wallahi mutumin nan bai taɓa saduda ba.

Ran sadakar uku, Alhaji Bawa ya zauna a kan tabarma ya yi tagumi. Can ya nisa, ya ce da ƙarfi kowa na ji, "Jama'a, ashe gaskiya bawan Allah ke faɗi. Da tana magani, da ya sha." Aka yi ta gyaɗa kai. Tun ranar ba wanda ya ƙara hawa dutsen nan nemanta.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Ka ƙaunaci abin da ba zai ba ka komai ba, ka tsare shi har ƙarshe. Allah ya tsare ka haka, ya yayyafa wa kabarinka ruwan rahama. Amin.