Ranar da Kalangu Ya Zama Bebe

Ɗana na fari ba na kiran sunansa, har yau da shi ma furfura ta fara fito masa. Haka muka tarar. Ɗan fari uba ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yabonsa, ba ya kuma sa baki a kan abin da zai zama. Wannan aikin 'yan'uwan uba ne da na uwa. Saboda haka da gardama ta tashi a kan yaron, yana da shekara goma sha biyu, ni da na haife shi sai na koma ɗan kallo.

Zamanin Nasara ne, muna zaune a Kore Mairuwa. Da damina ina noma kamar kowa. Da rani kuwa, ran kasuwa, nakan shimfiɗa buzuna a gindin wani babban gawo, in rubuta wa mutane wasiƙa da ajami zuwa ga 'yan'uwansu da suka tafi cin rani. A inuwar gawon nan ne kuma 'yan dara suke zama, rumfar mahauta tana nan kusa.

Mutum biyu ne suke ja a kan yaron. Na farko wana, wanda a garinmu ba a kai shi dara ba. Na biyu ƙanin matata, makaɗin kalangu ne, shi yake yi wa mahauta kiɗa, shi ne kuma na biki da na kokowa. Allah ya ba shi 'ya'ya biyar, duka mata, yana neman wanda zai gaji kalangun ubansa. Yaron kuwa Allah ya yi masa baiwa biyu. In ya sa yatsu a bayan ƙwarya sai mata su bar daka su saurara. In kuma ya tona guraben dara a ƙasa, samari da gemu sukan tashi suna kaɗe riga ba dariya.

Ni abin da raina yake so shi ne ya sauke Alƙur'ani ya riƙe alƙalami. Ba wanda ya tambaye ni.

Kusan kullum bayan la'asar sai su haɗu a ƙofar gidana su ɗora daga inda suka tsaya. A lokacin wani falke ya dawo daga ƙasar Gwalkwas da garmaho, akwatin waƙa, duk gari an je an ji muryar mawaƙi tana fitowa daga faifai. Wannan ya ƙara wa makaɗin ƙarfi.

"Ka ji mutum cikin akwati," in ji shi. "Ko ya mutu yana waƙa. Kai fa? Ka ci wasa, a sa tafin hannu a shafe ƙasa, iska ta kwashe saura. Wa ya taɓa cin tuwon dara?"

"Wa ya taɓa ganin ɗan dara ya durƙusa yana kirari don a jefa mishi kwabo?" in ji wana. "Ni in na zamna da mai gari, gwiwa da gwiwa muke. In na cinye shi, na cinye shi. Kai ko jaki ya ba ka riga sai ka ce mishi zaki."

"Jakin da ya ba da riga ai ya fi zakin da ya hana. Tafi ka dubi gonarka, haki ya kai ga wuya, kana nan kana kiwon kashin raƙumi cikin guraben dara."

"Malam, ka ji surukinka," in ji wana, ya juyo wurina.

"Ni ban ji komi ba," nakan ce, in ci gaba da fiƙe alƙalamina.

Amma makaɗin yana da wata magana da ba ya gajiya da ita. Yakan buga ƙirji ya ce kalangunsa ya fi bakin mutum iya Hausa. Gaskiya ne kuwa. Yakan kira mahauci da shi daga bayan kasuwa, ya tambayi mace lafiyar goyonta, ya zagi marowaci har kowa ya gane wanda ake nufi.

Uwar yaron ce ta faɗa mini abin da yake ransa. Ta ce dara yake so, kiɗa kuwa wasa ne a wurinsa, amma yana jin nauyin kawunsa, ba zai iya buɗe baki ya ce ba ya so ba. Na ji wannan na haɗiye.

Da gardama ta ƙi ƙarewa sai suka yanke shawara. Akwai wani tsohon Bafillace da yake saukowa da shanu daga wajen Dogon Kiriya kowane rani, gwanin dara ne da ko wana sai ya yi da gaske. Suka ce yaro ya zauna da shi wasa uku ran kasuwa. In ya ci ko ɗaya, na dara ne, makaɗi ya cire hannu. In tsoho ya cinye duka ukun, washegari yaro ya rataya kalangu. Suka tafa, suka sa ni shaida.

Ran kasuwa da hantsi aka share wuri a gindin gawo, aka tona gurabe talatin. Tsoho ya ɗauki tsinke goma sha biyu, yaro ya ɗauki kashin raƙumi goma sha biyu. Wanda ya jera uku a layi ya cire ɗaya na abokin wasansa, har a ga wanda ya ƙare. Doka ɗaya ce ba a wasa da ita: mai kallo ba ya magana. In wani na ɓangarenka ya nuna maka hanya, ko da tari ne, ka faɗi wannan wasan.

Tsakanin Fillani da mu Arawa akwai wasa, don haka tsohon bai zauna ba sai da ya taɓa mu.

"Yau kuma jariri kunka kawo mini? Manyan bayina sun ƙare?"

"Zamna dai, mai bin wutsiyar saniya," in ji wana. "Yau za ka sha nono da yaji."

Ni ina gefe a kan buzuna, na ba su baya rabi. Wata tsohuwa tana gabana tana faɗa mini saƙo zuwa ga ɗanta. Hannuna yana kan takarda, kunnena yana wurin dara.

Wasa na farko bai daɗe ba, tsoho ya cinye. Na biyu ya ja har rana ta take tsaka, shi ma tsoho ya cinye, amma na lura ya bar ba'a, ya gyara zama. Aka tashi aka yi azahar, aka dawo na uku. Mutane suka taru har masu sayen nama suka bar rumfa. Makaɗin ma ya matso da kalangu a hammata, yana murmushi, domin wasa ɗaya ya rage yaro ya zama nasa.

Wasan nan yaro ya riƙe shi da kyau. Ya cire wa tsoho uku, tsoho ya cire masa biyu. Can sai tsoho ya bar masa wani ci a fili, kamar ya yi mantuwa. Ni da ban iya dara sosai ba, da na saci kallo na ga wana ya runtse ido yana cizon leɓe, sai na san tarko ne. Yaro ya miƙa hannu zai ɗauka.

Sai kalangu ya yi ƙara, sau ɗaya, gajere. Kiɗan da ake yi wa ɗan kokowa ne in za a kama shi ta baya. Ko yaran goye a ƙasarmu ta Arewa sun san abin da yake cewa: dubi bayanka.

Hannun yaro ya tsaya a sama. Ya janye shi, ya dubi ƙasa da kyau, ya matsar da wani ɗa can gefe ya toshe hanya.

Tsoho ya ajiye tsinkensa. "An yi magana," in ji shi.

"Wa ya yi magana?" in ji wana. "Kowa bakinshi rufe."

"Wancan abin da ke hammatar bawana. Duk kun jiya."

Wuri ya kaure. Wasu suka ce kiɗa kiɗa ne, wasu suka ce ai kowa ya ji abin da ya ce. Sarkin fawa ya ɗaga hannu ya ce mai abu shi ya san abinsa, a tambayi makaɗi: kalangunsa yana magana ko ba ya yi?

In ya ce yana magana, yaro ya faɗi, gobe ya rataya kalangu, abin da yake nema ke nan shekara da shekaru. In ya ce ba ya yi, ya tashi ba magaji, ya kuma ƙaryata kansa a tsakiyar kasuwa. Na ga ya dubi hannunsa na dama kamar ba nasa ba. Sa'an nan ya dubi yaron. Yaro bai ɗaga kai ba, sai hawaye da ya ɗiga a cikin gurbi ɗaya ya jiƙa ƙasar.

Makaɗin ya yi gyaran murya. "Icce ne da fatar akuya," in ji shi. "Ina ya ga baki?"

"Ban ji ba," in ji tsoho, ya kama kunnensa. "Tsufa. Ƙara faɗi da ƙarfi."

"Na ce ba ya magana! Bebe ne!"

Dariyar da aka yi ran nan har masu awon hatsi suka taso suna tambaya. Tsoho ya yi ta yi har rawaninsa ya kwance. Da ya samu numfashi ya ce, "Shekara goma wanga Ba'are yana cika mana kunne. Yau na ji da bakinshi. Wannan ya fi mini cin wasa daɗi. Yaro, taɓa, mu ci gaba. Amma a rataye beben can bisa icce."

Aka rataye kalangu a reshen gawo. Daga nan ba wanda ya ko motsa. Suka yi ta juyawa har inuwa ta koma gabas, a ƙarshe tsoho ya rage da tsinke biyu, ya sa tafin hannu ya shafe gurabe da kansa. Ya kama kan yaron ya girgiza, ya ce baɗi ya zo da shiri.

Ni ban tashi ba, ɗan fari ne. Sai tsohuwar da ke gabana ta ce in karanta mata abin da na rubuta. Na duba takarda, na tarar gaisuwa ce na jera sau huɗu, ba saƙo ko ɗaya. Na nemi gafararta na ɗauko wata.

A hanyar gida na tsaya na jira makaɗin. Na ce masa, "Ka san dai abin da ka faɗi ba gaskiya ba ne."

"Na sani, Malam. Ka roƙa mini gafara, kai ne na kusa."

"To mi ya sa ka buga tun farko?"

"Wallahi ban sani ba. Na ga ɗan ɗiyar uwata zai faɗa rami, hannu ya riga ni."

Na roƙa masa, na roƙa wa kaina, domin ni ma shaida ne kuma na yi shiru.

Yaron muryarsa ba ta shiga faifai ba, dara kuma ba ta taɓa cika masa rumbu ba, noma ne ya ciyar da shi. Amma da rani akan aiko masa tun daga Sukukutane a ce ga wani gwani ya zo, ya kuwa tafi. Kawunsa yakan bi shi da kalangu, ya rataye a icce har a gama, sa'an nan ya sauke ya yi masa kiɗa. Tsohon Bafillacen kuwa, har shekarar da ya daina saukowa, in ya shigo kasuwa ba ya gaida makaɗin. Kalangun yake durƙusa wa, ya yi masa gaisuwa da hannu irin ta bebaye.