Muryar Hajiya a Lasifikar Salaga

Shekaru sun ɗan ja, kuma ban rubuta komai a lokacin ba, don haka mai yiwuwa wasu abubuwan sun cakuɗe mini. Ba zan rantse a kan rana ko wata ba. Wasu bayanan kuma da gangan na sauya su, za a ga dalili.

Ina gama jami'a aka sa ni cikin wani ƙaramin kwamiti mai tattara tarihin fataucin goro tsakanin Salaga da Yendi da Bawku. Aikina in zauna da tsofaffi in ɗauki muryarsu a rikoda, kowa ya dangwala yatsa a takardar amincewa. An shirya a ƙarshe za a yi taro a Salaga, a baje hotuna da tsofaffin takardun ajami, a sa wa jama'a muryoyin su ji.

A zangon Yendi, unguwar jikokin fatake, aka haɗa ni da wata Hajiya mai sayar da goro, a ƙiyasina ta haura tamanin. Duk gidan da aka yi suna ko ɗaurin aure ita ake kira ta raba wa mata goro. Tun ranar farko ta mai da ni jika.

"Ga mijina mai jakar takardu," in ji ta. "Miji ba cefane, sai tambaya."

Na ce, "Hajiya, ai tambayar ce cefanen."

"To Allah ya sa ta dahu."

Sau uku ina zuwa tana ba ni labarin ayari da jakuna, da yadda ake shimfiɗa ganye a kwando ana yayyafa wa goro ruwa kada ya bushe a hanya. A zuwa na huɗu sai ta aiki surukarta kasuwa, ta ce in saki labule. Duk wanda ya tashi a zango ya san abin da wannan ke nufi: maganar da aka yi bayan an saki labule a ɗakin take zama. Ni ma a zango na tashi. Amma rikodata tana kunne, ban kashe ba.

Ta ce kakarta ta wajen uwa ba 'yar fatake ba ce kamar yadda ake faɗa a gidansu. Kamo ta aka yi tana yarinya daga wani ƙauye ta wajen Bawku, aka kawo ta Salaga a ƙasa, aka wanke ta a rijiyoyin da ake wanke bayi, aka shafe ta da man kaɗanya, wani mai goro ya saye ta. Ba abin da ta zo da shi sai tsagar fuskarta da wata waƙar niƙa da ba mai jin yarenta a gidan. Hajiya ta rera mini ita a hankali, sau biyu.

"Ku da kuke yawo a mota," ta ce, "in ka je Bawku ka tambayo mini ko wane gari ne. Ina so in sani kafin in kwanta."

Na ce to. Sai shirin taro ya taso, na ɗage tafiyar. Da muke zaɓen muryoyin da za a sa, shugaban kwamitinmu ya ce babu kamar wannan. Na cire sunanta, na rubuta "wata dattijuwa", kamar yadda aka koya mana a makaranta. Zuciyata ba ta kwanta ba, wannan kam ina tunawa. Yendi ba nisa, da na so da na hau mota na tambaye ta. Ina jin tsoro na ji kada ta ce a'a.

Ranar taron an kafa rumfuna, dattawan Gonjawa masu garin a gaba, sai 'yan makaranta, sai mota guda cike da mutanen Yendi. Aka kunna lasifika. Matar da ta yi shekara da shekaru tana ɗaga murya a gidajen suna ba ta bukatar a faɗi sunanta. Wata mata a bayana ta ce, "Ai Hajiya mai goro ce." Ta kusa da ita ta ce, "Ashe." Babban ɗan Hajiya yana layi na biyu. Ya cire hularsa, ya daɗe yana kallon cikinta, ya mayar, ya tashi ya fita. Mai kula da na'urar yana dab da ni, hannu kawai zan ɗaga masa. Ban ɗaga ba har waƙar ta ƙare, aka tafa.

Ba wanda ya tare Hajiya da maganar, a iya sanina. A zango ba a yin haka. Kiran rabon goro ne ya riƙa raguwa, aka koma aika wa wata. Ko tsufanta ne ya jawo, ko abin da na yi, ban sani ba.

Na ɗauki kusan wata guda kafin na iya zuwa. A tsakar gida ta sa aka shimfiɗa mini tabarma, ba a ɗaki ba.

"Malam, ka zo lafiya?"

Na fara ba da haƙuri, ina ta kawo zancen takarda. Ta bari na gama.

"Yatsan da na dangwala na goro ne da jakuna," ta ce. "Ka je Bawkun?"

"Ban je ba tukuna, Hajiya."

"To."

Satin nan na tafi. Ban sake kunna wa kowa muryarta ba, ni na riƙa rera waƙar da bakina a kasuwa, ana yi mini dariya. Wasu suka ce yaren Kusasawa ne, wasu suka ce na Busawa. A rana ta uku wata tsohuwa mai daddawa ta karɓe waƙar daga bakina ta ƙarasa ta, ta ambaci wani ƙauye kusa da iyaka inda kakanninta suke niƙa da ita. Ba hujja ba ce da malamaina za su karɓa, amma ita kaɗai na samo.

Da na koma Yendi na tarar da tabarmi a ƙofar gidan Hajiya, ana sadakar ukunta. Ɗanta ya karɓi gaisuwata. Na ce masa akwai saƙon da ta ba ni, na kawo amsa.

"Ka riƙe abinka," ya ce. "Mu jikokin fatake ne."

Na cire muryarta daga ajiyar kwamiti. Sunan ƙauyen yana wurina, ban faɗa wa kowa ba.

Waɗanda suka halarci taron nan na Salaga, da mutanen zangon Yendi da suka san ta, idan na yi kuskure a wani wuri ku gyara mini. Musamman ina so in san ko kiran ya fara raguwa tun kafin taron, da kuma ko ta faɗi wani abu a kaina a kwanakinta na ƙarshe, mai daɗi ko marar daɗi. Roƙona ɗaya, ku same ni ni kaɗai ku faɗa mini, kada a bainar jama'a.